Yadda Ake Gano Matsalar Mai a Injin Daddatsa Rassan Dabino, a Gyara a Gona

Da zarar an gama cire dabino a gonakin Ƙasim da Madina da Ahsa a ƙasar Saudiyya, aikin da ke biyo baya shi ne datse busassun rassa, kuma a lokacin ne ake tunawa da injin daddatsa itace, wanda a nan kowa ke ce wa farrama. A jawo shi daga rumfar da ya kwana wata da watanni, a murɗa makulli, ya ƙi tashi. In ma ya tashi, a ba shi reshe biyu ya yi tari ya mutu. Nan take wani zai yanke hukunci cewa famfon injekta, wato wanda ke matsa mai ya tura cikin inji, shi ne ya tafi, a fara shawarar ɗaukar inji zuwa sina'iyyar Buraida, wato unguwar makanikai ta garin.

Sau da yawa famfon nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya saba hana injin dizal shan mai shi ne iska, ko ruwa, ko datti, ko wata 'yar waya da ta saki, kuma kusan dukkansu suna ɓuya ne tsakanin tanki da bakin famfon, wurin da sifana da tsumma ke iya kaiwa. Don haka ƙa'idar aikin guda ce: ka faro daga tanki, ka bi man zuwa gaba gaɓa bayan gaɓa, kada ka tsallake wata don kana zargin ta gabanta.

Fara sanin irin injin da ke gabanka

Ƙananan farrama da ake ja da mota da yawa suna ɗauke da injin Kubota mai silinda 3 ko 4, irin su D1105 da V1505. Manya kuma za ka ga Deutz ko Perkins ko Cummins ko Caterpillar. Ba sunan kamfanin ne abin dubawa ba, tsarin man ne. In ka ga siraran bututun ƙarfe sun fito daga famfo, kowanne ya tafi kan injektarsa, kuma babu waya a kan injektocin, to tsohon tsari ne, kana iya yin duk abin da za a faɗa a nan. In kuwa akwai bututu ɗaya mai kauri kwance a gefen inji da injektoci ke sha daga gare shi, kowace da wayarta, to inji ne mai kwamfuta, kuma hannunka ya tsaya a filta. Injektar V1505 tana buɗewa a matsi na kusan bar 140. Na masu kwamfuta yakan kai bar 1,600 zuwa 2,000. Tayar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka, sai ka auna da kanka.

Hanyar man kuwa gajera ce. Daga tanki ya bi tiyo zuwa kofin da ke raba shi da ruwa, ƙaramin famfo ya jawo shi ya tura cikin filta, daga filta ya shiga famfon injekta, shi kuma ya matse shi ya aika wa injektoci. Abin da ya yi saura ya koma tanki ta wani siririn tiyo. Ba kowane inji ne ya jera su daidai haka ba, don haka ka bi tiyon da yatsa sau ɗaya ka san naka.

Kafin a kwance komai

Kashe inji, zare makulli ka sa a aljihunka, ba a kan inji ba. Saki kuloci in yana da shi, ka jira gangar wuƙaƙe ta tsaya cak, domin takan ci gaba da juyawa bayan inji ya yi shiru. Ba sigari a wurin. Kada ka buɗe hanyar mai ranar da iska ke ɗauke da ƙura, gara ka tura injin cikin sito ko ka bari sai da asuba. Goge duk wurin da za ka kwance tukuna. Farrama kullum lulluɓe take da garin itace, kuma ƙwayar da idonka ba ya gani ta isa ta karce cikin injekta.

Injin ba naka ba ne, ɗan'uwa, don haka ka gaya wa mai gona ko wakilinsa abin da za ka yi, musamman in garantinsa bai ƙare ba. Ɗauki hoton tiyo da wayoyi da wayarka kafin ka taɓa su. Kayan aiki: sifana daga lamba 8 zuwa 19, sukudireba, filaya, mitar auna wuta, tiyo fari da ake ganin cikinsa kamar mita ɗaya, jarkar dizal mai tsabta, busasshiyar gorar ruwa, tire, tsumma da tabarau.

Shin ma matsalar mai ce?

A nan mutane da yawa suke asarar yini. Rassan dabino suna da zare mai tauri, kuma suna zuwa da yashi daga ƙasa, don haka wuƙaƙe suna dakushewa da wuri. Dakusasshiyar wuƙa tana nauyaya wa inji har gudunsa ya faɗi, rololin da ke jan reshe su riƙa tsayawa suna tashi, domin an ƙera su su dakata duk lokacin da gudun inji ya sauka. Wanda bai sani ba sai ya ce mai ne ba ya isa. Dubi abin da ke fitowa daga bututu: in gutsattsari ne masu kaifin yanka, wuƙa lafiya, in zare-zare ne kamar an tauna, je ka wasa wuƙa ka bar tanki ya huta.

Sai filtar iska. In ta toshe, inji zai rasa ƙarfi ya yi baƙin hayaƙi. Lagireto ma yakan cika da ɓarɓashi, inji ya yi zafi, na'urar kariya ta kashe shi. Duba kuma maɓallin tsayawar gaggawa ko wani ya danna bai saki ba, da murfin wuƙaƙe ko ya rufu daidai, da ma'aunin baƙin mai. Wasu injunan Amurka suna da maɓallin Murphy da dole a danne shi yayin tayarwa har matsin baƙin mai ya hau. In kik yana juyawa a kasalance, batir ne, domin dizal ba ya kamawa sai an juya shi da sauri.

In duk waɗannan sun fita, saurari yadda injin ke kuka. Wanda ke juyawa babu ko ɗigon hayaƙi a salansa, mai ba ya kaiwa silinda sam. Wanda ke fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal, man yana zuwa amma ba ya ƙonewa, sai a zargi iska ko ruwa ko hita, wato na'urar da ke ɗumama silinda kafin a tayar. Wanda ke silo lafiya amma ya durƙushe da an ba shi reshe, yunwa ce, yawanci filta. Wanda gudunsa ke hawa da sauka shi kaɗai, iska ce. Wanda ke wahalar tashi da safe kawai, sannan ya yi yini lafiya, man ne ke zurarewa ya koma tanki da dare.

Mataki na farko: tanki

Kada ka yarda da geji, leƙa da tocila ko ka tsoma sanda mai tsabta. In an ajiye injin a gangare, ko an ɗaga gabansa sama, man da ya rage yana iya taruwa a gefe guda ya bar bakin bututu yana zuƙar iska. Sansana shi ma. In akwai warin fetur, ko launinsa ya karkata zuwa kore ko ja irin na fetur 91 da 95, wani ya ɗauki jarkar da ba ita ba. Kada ka tayar, juye shi duka.

Murfin tanki yana da 'yar ƙofar shaƙar iska, kuma garin itace yana toshe ta. Alamarta: inji ya yi aiki na ɗan lokaci ya mutu, a huta ya sake tashi. Da ya mutu ka buɗe murfin kana saurare. In ka ji ya zuƙi iska, ka kama ɓarawo. Wanke murfin ko ka sauya shi. Akwai wata cuta mai irin wannan alama da farrama ta fi sauran injuna fama da ita, wato gutsuren ganye ko leda da ya faɗa tanki lokacin zuba mai. Yana yawo har ya manne a bakin bututu, inji ya mutu, zuƙa ta saki, ya sake faɗuwa kamar ba shi ba. Sai da tocila da haƙuri ake ganinsa.

Mataki na biyu: gwajin gora

Buɗe 'yar kusar da ke ƙasan kofin raba ruwa, ko ta ƙasan tanki, ka tari kamar rabin gora. Ajiye ta a inuwa minti 15. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, ka ga layi tsakaninsu ƙarara. Mai mai kyau garau yake, kana iya hangen yatsanka ta cikinsa. In ya yi hazo, ruwa ya gauraya da shi. Jan gari tsatsa ce daga tanki. Baƙar majina mai yauƙi kuwa ƙananan halittu ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, kuma su ne ke toshe sabuwar filta cikin 'yan kwanaki.

Wani zai ce ina ruwa zai fito a ƙasar da ba a cika ganin damina ba. Daga iska yake fitowa. Da hunturu rana takan yi ɗumi a Ƙasim, dare kuma sanyi ya sauka sosai, sai raɓa ta taru a jikin tankin da ba a cika ba ta gangara cikin mai. A Ahsa da Ƙaɗif ga laimar teku a kusa. Ga kuma masu wanke inji da tiyo suna fesa wa murfin tanki ruwa kai tsaye.

In ruwan kaɗan ne, ci gaba da tsiyayewa har mai zalla ya fito. In akwai majina ko tsatsa, babu gajeriyar hanya: juye tankin gaba ɗaya, cire shi in yana ciruwa, ɗauraye da sabon dizal, a hura tiyo. Zuba maganin tanki a kan wannan ƙazanta ba ya fitar da ita, filta dai za ta sha wahala. A Ha'il da Tabuka da Jauf, inda sanyin dare kan kai ƙanƙara, hazon da ka gani da asuba yana iya zama kakin dizal ne ya daskare. Shi wannan da rana ta ɗaga yake narkewa.

Mataki na uku: filta

Rufe famfon tanki, sa tire a ƙasa, kwance filta. Juye abin da ke cikinta a tire ka duba, domin ita ce ke ba da labarin duk abin da injin ya sha. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, tsaya nan, wannan aikin warsha ne, wato garejin makanikai. Tabbata tsohuwar robar ta fita tare da ita, don takan manne a sama, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ƙofar iska ce. Shafa wa sabuwar robar ɗan dizal, ɗaura da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara abin da aka rubuta a jikinta, yawanci rabin juyi ko fiye kaɗan. Ba a ɗaure ta da sifana.

Filtar takarda ba a wanke ta, ba a hura mata iska a mayar. Wanda ya yi haka ya huda ta ne, za ta bar mai ya wuce da dattinsa, inji ya yi kamar ya warke yau, injektoci su biya bashin daga baya. Na jabu ma sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske. Je da tsohuwar ko hoton lambarta, kuma in farashin ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ajiye musu kayansu. A shagon kayan gyara saffaya za ka nema, injekta bakhakh ce, famfo kuma turumba.

Kada ka manta da ƙananan da ke ɓoye: wata filtar roba a tsakiyar tiyo ƙarƙashin firam, wata raga a cikin ƙaramin famfo, wani lokaci har a cikin kusar da ke da rami. Mutum ya sauya babbar sau biyu, ƙaramar tana can cike da laka.

Mataki na huɗu: neman inda iska ke shiga

Wannan shi ne ya fi cin rai. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙar man ake yi, ba turawa ba, saboda haka tsagewa a wurin ba ta ɗigar da mai waje, iska take jawowa ciki. Kana iya duba tiyon ka gan shi a bushe tsaf, alhali shi ne mai laifi. Rana a nan tana gasa roba har ta yi tauri ta tsattsage, farrama kuma tana girgiza yini guda, babu kilif ɗin da ba zai saki ba.

Farin tiyon nan shi ne idonka. Sa shi a madadin guntun da ke shiga famfon injekta, ka tayar da inji ka zuba ido. 'Yan kumfa a farko ba komai, ragowar iskar kwancewa ce. Kumfar da ba ta yankewa, musamman in an ƙara totur, ita ce shaida. Sai ka matsar da farin tiyon baya gaɓa ɗaya, zuwa gaban filta, sannan gaban ƙaramin famfo, sannan bakin tanki. Inda kumfa ta ɓace, to ɓarnar tana tsakanin nan da wurin da ka baro.

Wuraren da aka fi samunta: bakin tiyo daidai ƙarƙashin kilif, inda za ka lanƙwasa shi ka ga tsaga, kusar tsiyaye ruwa da aka bari sako-sako, robar kofi, famfon hannu da ke kan filta, kan filtar kansa in wani ya ɗaure shi da ƙarfi har ya tsage, da wosha na jan ƙarfe da ke gefe biyu na kusa mai rami. Waɗannan wosha sau ɗaya ake amfani da su. In kana nesa da gari, kana iya ƙona tsohuwar har ta yi ja ka bari ta huce, za ta yi laushi ta riƙe na ɗan lokaci, amma ka yi wannan can nesa da inji da jarka. Ga mai wahalar tashi da safe kuwa, duba siraran tiyon da ke mayar da mai daga injektoci. Su ne ke barin iska ta shiga da dare, man ya sulale ƙasa. In tiyo ɗaya ya tsage saboda tsufa, sauya dukkan sa'anninsa, kuma ka sayi na dizal, ba na ruwa ba.

In ka rasa gane kai, raba matsalar biyu. Ɗora jarkar mai mai tsabta sama da inji, ɗaure ta kada ta faɗi, ka sa tiyo daga cikinta zuwa bakin ƙaramin famfo, tiyon dawowa ma ka jefa shi cikin jarkar. In inji ya gyaru har ya ci reshe, laifin yana tanki ko bututunsa. In bai gyaru ba, yana gaba. A ganina babu gwajin da ya kai wannan rage wa mutum yawo, kuma ban san dalilin da ya sa ake barinsa sai an gaji ba.

Mataki na biyar: ƙaramin famfo

Na lantarki, da ka murɗa makulli zangon farko za ka ji yana ƙas-ƙas. In shiru, auna ko volt 12 na isowa gare shi, ka duba fis da wayar da ke jikin firam. In yana ƙara, cire tiyon fitarsa ka sa a gora: mai ya fito da ƙarfi a jere, ba ɗigo-ɗigo ba. Wanda inji ke juyawa kuma yana da ɗan hannu a gefe. In ka danna hannun ka ji wayam, kada ka yi saurin cewa ya mutu, taɓa kik kaɗan inji ya juya, sai ka sake gwadawa.

Zaro ma'aunin baƙin mai ka duba. In ya haura alama, ya yi ruwa-ruwa, yana warin dizal, wataƙila fatar da ke cikin famfon ta fashe tana zubar da dizal cikin inji. Kada ka sake tayarwa sai an sauya famfon, an juye baƙin mai da filtarsa. In an sauya ya ci gaba da hawa, daga famfon injekta ko wata injekta yake, sai warsha.

Mataki na shida: fitar da iska

Duk lokacin da aka buɗe hanyar mai, ko mai ya ƙare ana cikin aiki, sai an yi wannan. Cika tanki, buɗe famfonsa. Sassauta kusar iska da ke kan filta juyi biyu, ka yi ta danna famfon hannu, ko ka kunna na lantarki, har kumfa ta ƙare mai zalla ya fito. Ɗaure kusar tun man yana fita. Maimaita a kusar iska ta famfon injekta. Ɗaure su a hankali, suna da rami a ciki, ba sa jure ƙarfi.

Gwada tayarwa. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ba shi hutu tsakani. In ya ƙi, kuma injin tsohon tsari ne, sassauta notin bututun ƙarfe a kan injektoci rabin juyi, rufa tsumma a kai, janye hannunka, wani ya yi kik har mai ya fara tsartuwa ba kumfa. Ɗaure, goge, tayar. Zai yi ɗan gargada, sannan ya daidaita. Bar shi a silo minti biyar kana duba yoyo kafin ka sa kuloci.

Masu fesa fetur ko maganin tayarwa a bakin filtar iska su daina. A injin da ke da hita abin yana iya fashewa, kuma ko bai fashe ba yana dukan fistin. In inji ya ƙi tashi da dizal, akwai dalili, fesawa ba ta kawar da shi.

Mataki na bakwai: makunnin mai na lantarki

In mai ya iso famfon injekta amma babu abin da ke fita a bututun ƙarfe, kafin ka zargi famfo duba solinoyid, wato na'urar da ke buɗe mai ko rufe shi da makulli. Iri biyu ne: wanda sai da wuta yake buɗewa, da wanda ake ba wuta na ɗan lokaci don ya kashe inji. Ɗora hannu a kansa wani ya murɗa makulli, ka ji ko ya yi ƙas. In bai motsa ba, auna wuta a bakinsa, har lokacin da ake kik, don raunannen batir kan bar shi ya saki a daidai wannan lokacin. In babu wuta, bi ta baya: fis, rile, filogin da girgiza ta sassauta, wayar da ɓera ya ci lokacin ajiya, da maɓallan kariya, domin da yawansu ta nan suke kashe inji. In wuta tana zuwa bai motsa ba, ya ƙone ko sandarsa ta maƙale da datti.

Za ka ga wasu sun ɗaure shi da waya, ko sun cire shi, don aiki ya tafi. Kada ka yarda a yi haka a injin da kai ko ɗan'uwanka zai tsaya a bakinsa. Inji ne da ke jan reshe ba ya tambaya, kuma ƙayar reshen dabino tana kama safar hannu da hannun riga. Ranar da aka danna maɓallin gaggawa bai kashe ba, babu wanda zai tuna da yinin da aka ceto.

Mataki na takwas: injektoci, da inda ake tsayawa

In inji yana tashi amma yana ɗingishi, yana ƙwanƙwasa ko hayaƙi, a tsohon tsari ana iya gano wadda ta gaza. Yana silo, ka sa tabarau da safar hannu, rufa tsumma, sassauta notin injekta ɗaya kaɗan. In gudu ya faɗi, wannan silindar tana aiki, ɗaure ka wuce. Wadda ka sassauta sauti bai canja ba, ita ce ba ta ba da komai. Ka san dai silindar kawai wannan gwajin ya nuna maka, ba lallai injektar ce ba, don bawul ko raunin matsi ma suna iya jawo haka. Cire injektocin duka, sa musu lamba, naɗe su a leda mai tsabta, toshe bakin bututu, ka kai wa masu gwada su a kan na'ura. Kada ka tsokaci bakinsu da waya ko allura. Wajen mayarwa a sa sabuwar wosha.

Kada ka taɓa neman yoyo da yatsa a bututun ƙarfe, yi amfani da guntun kwali. Man da ke fita da matsi yana huda fata ya shige cikin nama, a waje ya bar tabo kamar na ƙaya, a ciki yana kashe tsoka. Wanda haka ta same shi a kai shi asibiti nan take ko a kira 997, lambar motar asibiti, a gaya wa likita dizal ne ya shiga da matsi, ko da bai ji zafi ba tukuna.

Famfon injekta kuwa, kusoshin da aka shafa wa fenti ko aka ɗaure da dalma ba naka ba ne. Wanda ya murɗa su don ƙarin ƙarfi baƙin hayaƙi zai samu da zafin inji. A injin kwamfuta, abin da ya rage maka bayan tanki da filta da tiyo shi ne ka ɗauki hoton lambar da allo ya nuna ka aika wa makanike. Kada ka sassauta bututunsa, kuma kada ka cika sabuwar filtarsa da mai kafin ɗaurawa, domin man da ka zuba zai wuce ba a tace ba. Yi amfani da famfon hannu. Irin waɗannan injuna dizal mai ƙarancin farar wuta suke so, kuma tun watan Fabrairun 2024 da aka kammala sauya man ƙasar zuwa matakin tsabtar mai na Euro 5 shi ake sayarwa a gidajen mai. Abin tsoro shi ne tsohon man da ya daɗe kwance a tankin gona.

Tankin gona da ajiyar ƙarshen kaka

In gwajin gora ya nuna ruwa, je ka yi irinsa a babban tankin gona, in ba haka ba gobe ma sai ka sake kwancewa. Da litar dizal ta tashi daga riyal 1.15 a 2024 zuwa 1.66 a farkon 2025, ba mai son zubar da ragowar ƙasan tanki, amma wannan ragowar ce matattarar ruwa da tsatsa. A ɗan karkatar da tankin yadda laka za ta taru nesa da bakin ɗiba, a riƙa tsiyaye ta. In motar mai ta sauke sabo, a bar shi ya kwana kafin a ɗiba. Duro kuma kada a zuƙe shi har ƙasa. A ware jarka da mazurari mai raga na dizal kaɗai, a rufe su a leda, kuma kada a ajiye dizal a mazubin da aka shafe da tutiya, tana narkewa a ciki ta dasƙare a injekta.

Cika tankin farrama da yamma bayan an tashi aiki, ba da safe ba, kuma ka goge kewayen murfi kafin ka buɗe. Tsiyaye kofin ruwa kafin fara aiki. Littattafan injuna sukan ce a sauya filtar mai bayan awa 400 zuwa 500, amma a ƙurar gonar dabino ni ba na jiran hakan. Rubuta kwanan wata da awannin mita a jikin sabuwar filta da maka, ka kuma ajiye ɗaya a akwatin kayan aiki tare da 'yan wosha da mita biyu na tiyo.

In kaka ta ƙare za a jingine injin, share ɓarɓashin da ke kansa, cika tanki, rufe famfon mai, cire wayar batir, a sa shi a inuwa. Duk wata a mayar da wayar, a buɗe famfon, a tayar da shi ya yi minti 20 har ya ɗauki zafi.